SAYEN BABUR NA FARKO DA KOYON HAWANSA

Jawabin da aka yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci na Zauro



Yau ba za mu buɗe littafin karatu ba, magana muka zo da ita. Tun da aka soma yankan shinkafa, mutum huɗu cikin ajin nan sun tare mu ɗaya bayan ɗaya, kowa kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wane babur zan saya?" Muka ga gara mu amsa a gaban kowa, don mun sani bayan huɗun nan da suka tambaya akwai waɗansu da suka yi shiru, amma kuɗin yana ƙulle a gida.

Da farko dai, ba mu zo hana kowa saye ba. Mun san amfanin babur, ko mashin, yadda mu kan ce a nan. Shi ke kai mutum fadama da injin ban ruwa tun da asuba. Shi ke kai albasa kasuwa. Mai naƙuda da tsakad dare, sau da yawa shi ke kai ta asibiti. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kamar kilomita 50 ne. Kakanninmu yini su ke yi a hanya, mu kuwa mu kan je mu dawo tsakanin azahar da magariba. Tun 2015, da Gwamnati ta buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a nan Jihar Kebbi, babura suka ƙaru a ƙauyukanmu, wannan kowa ya gani da idonsa. Amma ku tuna kuɗin da za a sayi babur ɗin nan daga ina ya fito. Daga laka ya fito, da sauro, da korar tsuntsu, da wahalar shekara guda. Abin da aka samu da wuya haka, bai kamata a kai shi kasuwa da gaggawa ba.

Yawancinmu da jaki muka saba, sa'an nan keke. Jaki yana da idonsa, yana da nasa hankali. In ya ga rami ya kan kauce. In ka yi gyangyaɗi a bayansa, shi zai kai ka gida. In ka yi masa lodi fiye da kima sai ya kwanta, ko duka ba ya tashe shi. Babur ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Inda ka nufa da shi nan za shi, ko rami ne, ko bango, ko ƙarƙashin tirela. Idonka shi ne idonsa, hankalinka shi ne hankalinsa. Keke kuma, ƙarfin ƙafarka shi ne iyakar gudunsa. Babur kuwa, murɗa hannu kaɗan sai ya yi gudun da doki ba ya yi. Ku riƙe wannan, don duk sauran maganarmu a kansa ta ke.

To, wane iri za a saya? In kun shiga shagunan masu babura a Birnin Kebbi za ku ji sunaye da yawa. Akwai Bajaj Boxer da TVS, na ƙasar Indiya. Akwai Jincheng da Haojue, na ƙasar Sin. Akwai Honda na Jafan, wanda ya kafa masana'anta a Ota cikin Jihar Ogun tun 1979. Ba za mu ce wannan ya fi wancan ba, mu ba dillalai ba ne. Amma a ƙira kashi biyu ne. Akwai mai tanki a gaba, mai kuloci a hannun hagu, irin wanda 'yan kabu-kabu su ke hawa. Shi ne mai dogayen ƙafafu, mai jure gargada da kaya. Akwai kuma wanda a ke kira roba-roba. Ba shi da kuloci a hannu, ba shi da nauyi, koyonsa ya fi sauƙi, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suna sonsa. Amma jikinsa na roba ne, faɗuwa ɗaya sai ya tsage, kuma ba a yi shi don ɗaukar buhun shanshera daga fadama ba. Saboda haka kafin ka tambayi sunan babur, tambayi kanka hanyar da za ka riƙa bi kullum. Kwalta ce, ko rairayi da laka?

In ka san hanyarka, kada ka wuce shago tukuna. Tafi wurin makaniken garinku ka zauna a bencinsa, ka yi hira. Dubi irin baburan da ya ke kwancewa, dubi kayan gyaran da ke rataye a rumfarsa. Irin da ya iya gyarawa, wanda a ke samun fuloginsa da sarƙarsa da tayarsa nan kusa, shi ne naka. Mun san wani da ya sayo babur mai kyan gani, wanda babu irinsa a ƙasar nan duka. Ya sha kallo mako uku. Ran da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa, aka aika Sakkwato babu, aka aika Kano babu. Yanzu kaji ke kwana a kansa.

Girman inji a kan rubuta shi a jikin babur, 100, ko 125, ko 150. Yadda lambar ta fi girma haka ƙarfi ya ke ƙaruwa, haka kuma shan mai. A ganinmu mai koyo ya tsaya a 100 ko 125, sun ishe shi duk abin da zai yi a ƙasar nan. Kuma ka hau ka zauna tun a shago. In tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, wannan ba naka ba ne, ko da an yi maka rangwame. Ka kwantar da shi a hankali ka ga ko za ka iya tayar da shi kai kaɗai, don a fadama ba kullum a ke samun mai taimako ba.

Sai maganar aljihu. Babur baki gare shi, kullum sai ya ci. Kun tuna ran 29 ga Mayu 1923 ba mu zo duniya ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya ji a jikinsa: ran nan aka janye tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗinsa ya ninka fiye da biyu. Mutane da yawa suka jingine baburansu suka koma keke. Bayan fetur ga baƙin mai, ga faci, ga taya. In ka kasa kuɗinka kashi 10, kada kuɗin babur ya wuce kashi 8. Sauran biyun na hular kwano ne da takardu da juyen mai na farko. Wanda kuwa zai sayar da abincin gida ko irin shuka don ya cika kuɗin, muna roƙonsa ya haƙura sai baɗi.

Akwai masu ba da babur a riƙa biyansu mako mako. Ba laifi ba ne, amma a nan lissafin da ku ke koyo zai yi muku rana. Ga misali, misali ne kawai. A ce an ce ka biya naira 20,000 kowane mako har wata 18. Wata 18 mako 78 ke nan. Ku buga a allo: 20,000 sau 78 ya zama 1,560,000. To, sai ka je shago ka tambayi kuɗinsa in za a biya nan take, ka ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne ladan jiran da aka yi maka. In ka ga za ka iya, to. Amma sa a karanta maka takardar duka, ko ka karanta da kanka, musamman inda aka faɗi abin da zai faru in ka kasa biya mako biyu ko uku. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka ji ba.

Na hannu fa? Mai ƙaramin ƙarfi ya kan sami alheri a nan, ya kan kuma sami nadama. In za ka duba na hannu, tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ku je da sassafe, injin yana da sanyi, don inji mai ciwo ya kan ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. In sai an yi ta buga kik kafin ya tashi, ku lura. In salansa tana fid da shuɗin hayaƙi, a irin baburan yanzu waɗanda ba a gauraya musu mai, to, injin yana ƙona baƙin mai, gyara mai tsada yana tafe. Ku duba haƙoran da sarƙa ke bi, in sun yi tsini sun ƙare. Ku leƙa ƙarƙashin tanki ko akwai walda a ƙashin bayansa. Ka tsaya daga baya ka hanga, ƙafar gaba da ta baya su zama layi ɗaya. Sabon fenti kada ya ruɗe ka.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne a kan maganar takarda. Bari mu ba ku labarin wani ɗan ajinmu a wani ƙauye, ba za mu faɗi sunansa ba, ko da ya ke shi ya ce mu riƙa ba da labarin. Ya sayar da shinkafarsa, wani baƙo ya kawo masa babur mai kyau da araha, har da rasit mai hatimi. Lokacin bai fi wata biyu a aji ba, bai iya haɗa baƙi ba tukuna. Ya ga takarda da hatimi, ya ƙirga kuɗi ya bayar. Wata uku yana hawa lafiya. Ran nan a wani shingen bincike aka ce ya kawo takarda. Ya miƙa da ƙarfin zuciya. Jami'in ya durƙusa ya goge jikin inji da tsumma, ya dubi takarda, ya dubi inji. Lambar da ke takarda dabam, ta jikin inji dabam. Ashe babur na sata ne. Ya kwana biyu a tsare kafin mai gari da dattawa su je su yi shaidar halinsa. Babur ya koma wurin mai shi, baƙo kuwa ko ƙurarsa. Kun san kuma zamanin da mu ke ciki, na ɓarayin daji masu yawo a kan babura. Wanda aka kama da babur marar asali, tambayar da za a yi masa ba ta sata kaɗai ba ce.

Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a ƙarfensa. Ɗaya a jikin inji, ɗaya a wuyansa, ƙarƙashin kai. Baƙaƙe ne da alƙaluma, irin waɗanda ku ke rubutawa a allo kowane dare. Ka bi su ɗaya ɗaya da yatsa, ka gwada da na rasit. In ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, tashi ka kama hanya. In sun dace, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da garinsu, a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Mutumin nan yanzu shi ya fi kowa zuwa aji da wuri, duk ƙauyen kuwa shi a ke kira ya karanta lamba.

Bayan saye, doka tana neman abu uku gare ka: lambar Gwamnati a bayan babur, da inshora, da lasin tuƙi. Lasin babur shi ne mai harafin A, ba a kuwa ba wanda bai kai shekara 18 ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da ofis a Birnin Kebbi. Ka je da kanka ka tambaya, zuwa da kai ya fi aike. Kada ka ba ɗan tsakiya kuɗi ya kawo maka takardar da ba ka san inda aka buga ta ba.

Yanzu hular kwano. Mun ga waɗansu sun fara murmushi. Ran 1 ga Janairu 2009 aka soma tilasta sa ta a Nijeriya. Me mutanenmu suka yi? Waɗansu suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaura mata igiya, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje, duniya ta yi mana dariya. Sun ɗauka don ɗan sanda a ke sa ta. To, kwalta ba ta karɓar cin hanci. A 2008 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam. Suka ga hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kamar kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kamar kashi 69 cikin 100. Ƙafa in ta karye a kan ɗora ta. Kai in ya fashe, wa ya taɓa ganin maɗorinsa?

Mun san abin da a ke cewa. Wai zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu akwai zafi, mu ma muna jinsa. Wai ina za a sa hula ko rawani? A sa a jaka, in an sauka a naɗa. Wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya faɗi haka da dare ya kan kulle awakinsa, bai bar su ga kura ba. Ku sayi ta gaske, mai kauri daga ciki, wadda ta kama kai ba ta juyawa. Ta masu aikin gini ba ita ba ce. A kuma ɗaure igiyarta a haɓa, don wadda ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa.

To, an sayo. Kada ka hau shi daga shago zuwa gida, bari wanda ya iya ya kawo maka. Nemi mai koya maka, dattijon mahayi mai haƙuri, wanda ya shekara goma yana hawa ba tabo a jikinsa. Kada ka nemi yaron da a ke yabo don ya iya tayar da ƙafar gaba. Ku tafi fili mai tauri, kamar filin makaranta bayan an tashi, inda ba yara, ba dabbobi. Rana ta farko ko tayar da inji ba sai an yi ba. Tura shi da hannu, ka juya shi dama da hagu, ka ji nauyinsa. Ka san gaɓoɓinsa huɗu har ka iya taɓa su ido rufe: hannun dama totur da birkin gaba, ƙafar dama birkin baya, hannun hagu kuloci, ƙafar hagu giya. Jerin giya ya kan bambanta daga wani babur zuwa wani, sai ka tambayi na naka, ka kuma san inda firi ya ke.

Abin da za ka fara koya shi ne tsayawa. Tafiya ba ta da wuya, kowa ya murɗa totur zai tafi. Sa giya ta ɗaya, saki kuloci sannu sannu kamar mai sakin igiyar guga cike da ruwa. In ka sake shi gaba ɗaya, babur zai yi tsalle ko ya mutu. Ka yi taku goma ka tsaya. Ka sake, ka tsaya. Yi haka sau hamsin, har hannunka ya iya da kansa. Mai koyo in ya firgita ya kan ƙanƙame kan babur, garin ƙanƙamewa sai ya murɗa totur, babur ya ƙara gudu. Maganin wannan ɗaya ne: in ka ruɗe, matse kuloci. Da ka matse shi, ko inji yana kuka ba ya jan ƙafa.

Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, har waɗansu su kan kwance shi. Kuskure ne babba. A kan kwalta busasshiya birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Abin da a ke so a haɗa su biyu, a matsa na gaba a hankali kamar mai tatsar nono, kada a fizge shi. Ga wani lissafi kuma. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kafin ya ce "ɗaya". In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ba sau biyu zai ninka ba, sau huɗu ne. Shi ya sa littafin dokokin hanya ya tsayar wa babur kilomita 50 a awa. Agogon da ke gabanka ba ado ba ne, ka iya karanta shi.

Rairayi kuwa, nan ne mu ma muka sha ƙasa. Shekarar da aka ba mu aikin zagaya azuzuwa, mun yi mako ɗaya muna koyo, muka ga ai mun iya. Muka nufi wani ƙauye a bakin fadama, da allo da akwatin alli a baya. Muka shigo rairayi da gudu, kan babur ya fara rawa. Muka dubi wani kututture muna cewa kada dai mu buge shi, muka damƙe birkin gaba. Sai ga mu a ƙasa, kusa da kututturen nan, salansa a kan ƙauri. 'Yan ajin da muka je koya wa karatu su suka ɗaga babur daga kanmu, tabon yana nan har yau. Abu uku muka koya ran nan. A rage gudu tun kafin a shiga rairayi, a bi shi da ƙaramar giya da totur daidai, ba ƙari ba ragi. A cikin rairayi ko laka ba a damƙar birkin gaba. Na uku, babur inda idonka ya ke kallo nan ya ke zuwa. Kalli hanyar da ka ke so ka bi, kada ka kalli abin da ka ke tsoro.

Sai ka yi mako biyu ko uku a fili da hanyoyin gona kafin ka hau kwalta. Ran da za ka hau, zaɓi safiya, ba ranar kasuwa ba. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 hannun dama a ke bi a ƙasar nan. Riƙe hannunka, ko da hanya ba kowa. Titin nan na Argungu ya fi kowane wuri haɗari ga ɗan ƙauye, don daga lungu mu ke fitowa mu hau shi. Tsaya cik a bakinsa, dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu. Kada ka cire madubi don a ce ka waye. Kafin ka juya, ba da sigina, ka waiwaya. Babbar mota tana da wuraren da direba ba ya gani: in ba ka hango madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka shiga tsakaninta da gefen titi sa'ad da za ta sha kwana. Allunan bakin hanya kuma karatu ne. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani ne, ja mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP, watau tsaya.

Sauran abin da ke hanyarmu kun fi mu sani. Akuya in ta tsallaka, 'ya'yanta suna biye. Shanyar shinkafa a gefen kwalta santsi gare ta kamar sabulu. Ruwan farko na damina ya kan taso da maiƙon da ke kan titi. Amalanken shanu da dare ba shi da fitila. Cikin hazon hunturu kunna fitila ko da rana ne, don a gan ka. Ran bikin kamun kifi na Argungu, mai koyo ya bar babur a gida ya shiga mota.

Iyayenmu masu babbar riga, a gafarce mu. A tattare ta a zauna a kanta, don sarƙa da wayoyin ƙafa ba su san girma ba. Mata kuma, hijabi da bakin zane su ne abin tsoro. In ƙafar baya ta kama hijabi, wuya ta ke ja. Mai goyo shi ke da alhakin dubawa kafin ya tashi. A sa takalmi mai rufi, silifa ba ta tare komai. Kada ka goyi kowa sai ka yi wata guda kana hawa kai kaɗai, in ka fara kuwa mutum ɗaya. Kaya ma a fara da kaɗan. Buhu in ya yi nauyi a baya, ƙafar gaba ta kan yi sama sama, kai ya ƙi bin hannu. A ɗaure shi tsakiya, kusa da bayanka. Jarkar fetur ta injin ban ruwa a toshe bakinta sosai, a nisanta ta da salansa. Sabon inji kuma ba a matsa masa. Littafin da ke zuwa da shi ya faɗi kilomita nawa za a yi kafin juyen mai na farko, ku kawo shi aji mu karanta tare.

Wata magana ta iyaye ce. Mu kan ga yaro ɗan shekara 12, ƙafarsa ba ta kai ƙasa, an aike shi da babur sayen ƙanƙara, uban yana alfahari. Mu kan ga samari ran kai amarya suna wasa da babura a tsakiyar mutane, waɗansu sun sha ƙwaya. In abin ya faru sai a ce ƙaddara. Makullin dai a aljihun wa ya ke? Muna roƙon mai gari da limamai su sa baki a wannan.

In kuwa kun iske haɗari ya auku, kada a fizgi mutum a tayar da shi zaune. A bar wuyansa a miƙe, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ku rubuta ta a bangon littafinku yanzu. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi ya ce lafiya lau, in ya fara amai ko barci mai nauyi a kai shi asibiti nan da nan. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, a kai shi Asibitin Sir Yahaya ko wanda ya fi kusa, kada a tsaya gida.

Ran Asabar bayan la'asar za mu taru a filin makaranta. Mun roƙi makanike da wani dattijon mahayi su zo, za mu kawo namu babur da hular kwano biyu. Duk mai babur a gida ya zo da shi da rasit ɗinsa, za mu durƙusa mu karanta lambobin tare. Mutum huɗun nan da suka tambaye mu, ku riƙe kuɗinku sai bayan Asabar.